Shanun Inna a Cikin Waya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ga saƙonninku, da masu tambayar ko lafiya, da masu yi mini tsiya wai amarci ne ya ɓoye ni. Ba amarci ba ne. Abin da za ni ba ku yau ba shi da daɗi, kuma ban san yadda ake ƙawata irinsa ba, don haka za ni faɗe shi yadda ya faru.

Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni, sunana Zulaihatu, 'yar Sabon Birni. Na karanta lissafi a jami'a a Sakkwato, na gama na dawo gaban iyayena ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata. Ni ce 'yar fari, shi ya sa mahaifiyata, Inna Saude, ba ta kama sunana. "Ke wagga" take ce mini, ko ta yi gyaran murya kawai in gane da ni take. Ba ni da surutu. A gidan biki ni ce wadda za ku gani a kusurwa tana riƙe wa mutane jaka. Amma ina kallo, kuma abin da idona ya gani ba ya fita kaina da wuri.

Wanda za ni aura sunansa Talha. An kawo gaisuwa an karɓa, aka ce biki sai bayan kaka in an ɗebe gero.

Tun ban zo duniya ba mahaifinsa, Baffa Labbo, yake kiwon shanun Inna. Haka ake yi a wajenmu. Mace in ta samu abin hannunta sai ta sayi karsana ta kai ruga. Makiyayi ya sha nono, maruƙa kuma nata ne. Ba a rubutu, ba a kiran shaida. In saniya ta haihu a aiko a gaya mata, in ta mutu a kawo mata fatar ta gani da idonta. Inna da karsana guda ta fara, daga sadakinta, har ta kai tana lissafa su da suna tana murmushi ita kaɗai a bakin murhu. Sai mutanen daji, 'yan bindiga, suka zo suka kore garken. Baffa Labbo bai daɗe ba bayan nan, ya kwanta bai tashi ba. 'Yan shanun da suka ɓalle suka dawo da kansu, Baba ya ce a sayar tun ba a dawo an kwashe ba.

Talha a lokacin ya gama difloma. Ya ɗauko mahaifiyarsa, Dada, ya dawo da ita cikin gari, ya buɗe ɗan shagon cajin waya da sola. A shagon nan ya koyi kasuwar zinariya ta intanet. Ba zinariyar da ake sawa a wuya ba ce, a kan farashinta ake ciniki. Ka ce za ta tashi, in ta tashi ka samu, in ta faɗi a cire daga kuɗinka. Kuma ba shi ke cinikin da hannunsa ba. Wata manhaja ya saya a wurin mutumin da bai taɓa ganin fuskarsa ba, suna ce mata robot. Ita ke saye, ita ke sayarwa, ba ta neman shawarar kowa.

Babana, Malam Na'Allah, ɗan kasuwar hatsi ne, kuma mutum ne mai son a ce shi ya fara gano abu. Shi ya yi maganar da ta zagaye gari. Ya ce, "Ubanshi ya yi muna kiwo a daji, shi kuma ya yi muna cikin waya. Wanga garke wane ɓarawo za shi kore?" Kuɗin shanun Inna kaf aka miƙa wa Talha. Daga nan abokan Baba na kasuwa suka biyo, da matan unguwa da suka sayar da tumakinsu, har da mutanen Bafarawa da Kurawa, duk ta hannun Baba. Ba sa cewa riba. In wata ya ƙare Talha ya kawo wa kowa rabonsa, sai ku ji ana cewa, "Ta haihu." Limamin unguwarmu ya taɓa cewa shi dai abin yana masa kama da caca. Baba ya koma sallar Juma'a a wani masallacin.

Ni na taɓa leƙa cikin abin. Wata rana da la'asar Talha ya zo zance, yana kan benci a zaure ina kan tabarma, ya miƙo mini wayar yana jin kansa. Na bi jerin cinikin da yatsa. Kore, kore, kore, duk riba. Amma na lura da wani abu. Duk inda ja ya fito, wato asara, cinikin da ke biye ya ninka shi girma. In shi ma ya faɗi, na gaba ya sake ninkawa. Haka yake yi har farashi ya juyo, ya shafe asarar ya ɗora 'yar riba a kai. Mun yi irin wannan a aji. Malaminmu ya zana shi a allo ya ce yana ci kullum, har ranar da zai cinye mai shi.

Na ce, "Talha, ina birkinshi?"

"Wane birki kuma, Malama?" Haka yake kirana in yana son tsokana.

"Inda za shi tsaya da kanshi. In farashi ya miƙe hanya guda bai juyo ba fa?"

"Kullum shina juyowa."

"In bai juyo ba har kuɗin sunka ƙare?"

Ya yi dariya ya karɓi wayar. "Ni ne birkin. In na ga abin ya yi nisa, nan nake dannawa in kashe shi. Kin san ba cikin wayar ga yake zaune ba. Kwamfuta ce nake haya a ƙasar Turawa, wadda ba a ɗauke wa wuta. Waya taga ce kawai da nake leƙa shi."

Bayan ya tafi ya turo saƙo: "Malamar lissafi, yau kin sa gabana ya faɗi. Bayan biki za ni ba ki shi ki sa mishi birkin da hannunki." Na rubuta, "Allah ya kai mu." Ya sake turowa: "Akwatin lefe ja kike so ko ruwan ƙasa?" Na ce ruwan ƙasa. Ya ce daman ya sani, shi ya riga ya saya.

Ana cikin damina, gero ya fara fitar da kai, aka wayi gari babu sabis. Gwamnati ta katse layukan waya a yankinmu gaba ɗaya saboda mutanen daji. Ba kira, ba saƙo, ba intanet, kuma ba wanda ya san ranar dawowa.

Da hantsi ina tsakar gida ina tankaɗen gari. Inna ta baje atamfofin da ta tara mini a kan tabarma tana zaɓen waɗanda za a kai wa tela, ƙanwar Baba, Gwaggo Habi, tana taya ta. Gwaggo daga Bafarawa ta zo duba asibiti, hanya ta lalace ta zauna wurinmu. Ita ma ta sayar da tumakinta ta ba Talha.

Inna ta ce, "To shi ma injin yaron nan ya samu ya huta. Tun bara shina aiki ba hutu."

Gwaggo ta ce, "Ai kamar an maido shanu garke an ɗaure. Ba kiwo, ba ɓata. In an buɗe sabis a kwance su." Ta ɗaga wata atamfa mai ruwan ganye ta ƙare mata kallo. "Wagga ta tsofaffi ce, Saude. Ki bar min ita. Ke amarya, mi ya same ki? Kin yi zuru kamar wadda anka aiko gaisuwar mutuwa."

Na ce ba komai, garin ne ya shigar mini ido.

Kuma ba su kaɗai ba ne, duk garin haka ya ɗauka. Tun da waya ta mutu, abin da ke cikinta ma ya kwanta. Ni kuwa na san taga ce kawai aka toshe. Can a ƙasar Turawa yana nan yana saye yana sayarwa, yana ninkawa, kuma birkin nasa yana zaune a Sabon Birni ba shi da hanyar taɓa shi.

Talha bai zo ba sai bayan kwana biyu. Na sa hijabina mai ruwan toka na fita zaure da kofin ruwa. Shaddarsa a yamutse take, shi da ko kasuwa ba ya zuwa sai da guga. Bai ce mini Malama ba.

Na ce, "Shina aiki, ko?"

Ya dubi ƙofa, ya dubi hanyar cikin gida, sannan ya gyaɗa kai.

"Lokacin da anka katse, kore ne ko ja?"

"Ja. Amma kaɗan. Ya buɗe na biyu."

"Talha."

"Za shi juyo, Zulai. Bai taɓa ƙin juyowa ba."

Na ce, "An ce akwai tudu can wajen iyaka inda layin Nijar ke kamawa. Mutane na tafiya."

"Na sani. Ta wace hanya ake bi?"

Na san amsar. Hanyar da aka tare yayansa Marwan ce, bara war haka. Ko gawarsa sai da aka roƙa aka bari a ɗauko.

Ya ce, "Dada ta sa na dafa Alƙur'ani. Ni kaɗai na rage mata. Ta ce ko gari za shi ƙone kada in hau hanyar nan." Ya matso da benci kaɗan, abin da bai taɓa yi ba a zauren Baba. "Ki taimake ni da abu guda. Mutane sun ɗauka ya tsaya. Ki bar su haka. In Baba ya ji gaskiya za shi ce in tafi, kuma kin san ban iya ce mishi a'a."

"In kuɗin Inna sunka tafi fa?"

"In ni na tafi fa?"

Ya miƙe ya fita. Ruwan da na kawo bai sha ba, na koma da shi ciki.

'Yan uwa, ku sa kanku a wurina. A ɗaki guda ga uwa tana ninke atamfa tana ƙirga maruƙan da ba ta gani ba. A zaure ga mutumin da ya san kalar akwatin da nake so tun ban faɗa ba. In na yi magana, na tura shi hanyar da ta ci ɗan uwansa. In na yi shiru, ina kallo a kwashe abin da Inna ta tara tun tana amarya. Na riƙa buɗe tsofaffin saƙonninmu ina karantawa, tun da su ba sa buƙatar sabis. Abinci na ci ne don kada Gwaggo ta sa ni gaba. Kuma a raina na yanke cewa za ni yi shiru. Na ce kuɗi ana samun wasu.

Ban san Baba zai tambaye ni kai tsaye ba.

Washegari bayan azahar ya shigo gida fuska a ɗaure, ya zauna a kujerarsa ƙarƙashin dalbejiya. Ashe wani ɗan abokinsa da ya dawo daga Sakkwato ya yi wata magana a kasuwa, wai irin wannan injin ba ruwansa da sabis ɗin garinmu. Baba ya ƙaryata shi a gaban mutane, amma maganar ta tsaya masa.

Ya ce, "Zulaihatu, zo nan."

Na zo na durƙusa. Inna tana bakin ɗaki, Gwaggo tana tsintar wake.

"Ke anka kashe wa kuɗin boko. Injin yaron nan ya tsaya ko bai tsaya ba?"

Na kalli ƙasa. Wata tururuwa tana jan ƙwayar gero kusa da takalminsa.

"Da ke nike."

Da ƙarya ta zo bakina da na yi ta, wallahi. Amma tun ina yarinya ban taɓa iya yi wa Baba ƙarya yana kallona ba. Murya ce ke ƙin fita.

Na ce, "Bai tsaya ba, Baba."

"To mi yake yi?"

"Shina ciniki."

Gwaggo ta ajiye tiren wake. "Shi kaɗai? Ba mai kallonshi?"

Na ce e.

"La'ilaha illallahu! Garke a daji ba makiyayi?"

Baba ya ce, "In shina ciniki ai shina samu. Mi ne abin tsoro?"

Sai na yi masa bayani da abin da ya sani. Na ce ya ɗauka yana da yaron shago wanda in ya sayi buhu farashi ya faɗi, sai ya sayi biyu. In ya ƙara faɗi ya sayi huɗu, sannan takwas, yana jiran ranar da zai tashi. Kuma mai shagon ya yi tafiya, ya bar masa makullin akwatin kuɗi.

Baba ɗan kasuwa ne, ban ƙarasa ba ya gane. Na ga launin fuskarsa ya sauya. Inna ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule.

Kafin la'asar ya sa an kira Talha. A zaure suka zauna, ni ina bayan ƙofar da ke shiga gida, goshina a jikin bango.

Baba ya ce, "Ka san shina aiki ka ƙyale ni ina ƙaryata mutane cikin kasuwa?"

"Baba, a yi mini haƙuri. Za shi juyo in sha Allah."

"Ban ce ka yi mini duba ba. Akwai wurin da ake samun sabis?"

"Akwai."

"To gobe ka tahi ka kashe shi."

"Baba, Dada ta..."

"Ubanka ya taɓa kwana uku a daji shina neman maraƙi guda na Saude. Guda! Bai ce akwai kura ba. Mutane sun ba ni amanarsu na ba ka, don na san gidan da ka fito. Yanzu ka zauna cikin gari kana ce min za shi juyo?" Sannan ya sassauta murya, kuma wannan ya fi faɗan zafi. "Ni ban tilasta ka ba. Amma mutumin da bai iya tsare dabbar mutane ba, ban san yadda za ni ba shi ɗiyata ba."

Na ji benci ya yi ƙara. Talha ya ce, "Za ni tafi, Baba."

Da ya fito ta ƙofar waje na zagaya ta ƙaramar ƙofa, ko takalmi ban tsaya sawa ba. Ban taɓa tare namiji a titi ba sai ranar.

Na ce, "Tambaya ta ya yi. Ban iya..."

"Na sani. Da ni ne ma haka za ni yi." Ya dubi ƙafafuna. "Koma ciki, Malama, kada a gan ki haka."

"Kada ka je. Za ni roƙe shi."

"Ki roƙe shi ya ce mi? Ya ce wa Gwaggo Habi tumakinta sun tafi don surukinshi na jin tsoro?" Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Kada dai Dada ta ji. Za ni ce mata garin Isa za ni in sayo batir."

Na roƙi Baba duk da haka. Bayan ya ci tuwo na je na durƙusa na ce a jira ko sabis zai dawo, ko a tura wani da wayar. Ya ce wa ya san inda ake dannawa in ba shi ba? Na ce ni na sani. Ya dube ni kamar na zage shi. Na shiga wurin Inna na ce ta sa baki, kuɗinta ne sun fi yawa, in ta ce ta yafe za a saurara. Tana kwance ta juya wa ƙofa baya. Ba ta juyo ba ta ce, "Ke wagga, in nawa ne kaɗai da na yafe. Na Habi fa? Na gwauruwar nan mai ƙosai fa?"

Da safe suka tafi. Abokinsa Abbas ne ya ɗauke shi, wani magidanci ɗan kabu-kabu da ke da layin Nijar kuma ya san hanyoyin gona. Suka bi ayarin masu babura da ke zuwa tudun, don ba a tafiya ɗai-ɗai. Ban gan shi ba. Ƙarar mashin kawai na ji ta wuce bayan katangarmu, ta rage gudu daidai ƙofar gida, sannan ta ƙara.

Ranar ban san na yi aiki haka ba. Na share tsakar gida har inda ba a sharewa, na wanke tukwanen da ke wanke, na dama furar da ba wanda ya ce a dama. Gwaggo, da ba ta iya minti biyu ba ta yi magana ba, ta zauna da carbi. Sau ɗaya ta ɗago ta ce, "Tumaki ne fa kawai. Da an bar yaron mutane." Baba bai je kasuwa ba. Yana zaure, duk mashin da ya wuce sai ya leƙa.

La'asar ta yi, ayarin farko ya dawo. Aka ce hanya lafiya, ba a ga kowa ba. Na shiga ɗaki na yi sujada ina kuka. Na ce Allah ko kuɗin sun tafi na gode, ka dai maido shi.

Rana ta yi ja sannan na ji mashin ya tsaya a ƙofarmu. Na ruga bayan ƙofar zaure. Sallama guda na ji, ta Abbas.

Baba ya ce, "Ina shi?"

"Lahiya lau munka isa, Malam."

"Na ce ina shi?"

Abbas ya ce, "Tudun cike yake da mutane, kowa ya ɗaga waya sama. Na sa mishi layina, ya kama. Ya daɗe shina kallo. Sai na ga ya zauna a ƙasa, cikin taɓo, da shaddarshi. Na ce mi ya faru? Ya nuna min, ni ban gane ba. Ya ce tun washegarin da anka katse sabis abin ya ƙare. Zinariya ta miƙe hanya guda, injin ya yi ta ninkawa har ya cinye. Babu abin kashewa, Malam. Babu komai ciki."

Tun washegari. Wato ranar da Talha ya zauna a kan bencin nan yana roƙona in yi shiru, da ranar da na durƙusa gaban Baba na buɗe baki, duk a kan abin da ya riga ya mutu muke.

Baba ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Shi yaron fa?"

"Na ce mu koma tun da rana. Ya ce da wane ido? Na ja shi, na rantse mishi da Allah, har mutane sunka taru. Akwai wata babbar mota ta 'yan Nijar da za ta Maraɗi da albasa. Ina ɗaure kaya a mashin, na juyo na gan shi bisanta." Abbas ya ja numfashi. "Ya ɗaga murya ya ce in ce muku ku yafe mishi. Kuma ya ce in ce wa Zulaihatu..."

"Hwaɗi. Tana nan tana jin ka."

"Ya ce kada ta jira shi."

Ban faɗi ba, ban yi ihu ba. Na dai ji bangon yana da sanyi a goshina, kuma na kasa ɗaga kai daga jikinsa.

Garinmu ba a ɓoye mashin da ya tafi da mutum biyu ya dawo da ɗaya. Kafin Abbas ya gama shan ruwa an fara taruwa a ƙofar gida. Ina jin muryoyin abokan Baba na kasuwa, da ta mai ƙosai, da wasu da ban sani ba. "Malam Na'Allah! A fito a yi muna bayani!" Wani yana cewa a yi haƙuri, wani yana cewa haƙurin mi.

Baba ya shigo ta ƙofar da nake tsaye. Hularsa tana hannunsa. Ban taɓa ganin kansa a buɗe a wajen ɗakinsa ba. Ya tsaya gabana bai kalle ni ba.

Ya ce, "Ban san abin da za ni ce musu ba. Ni kaina ban gane inda kuɗin sunka shiga ba. Za su ce yaron ya gudu da su, kuma za su je gidan uwarshi." Ya juya hular a hannunsa. "Ke kin gane. Fita ki gaya musu."

Ni da ko a aji sai na kalli allo nake magana. Na gyara hijabina, na bi ta zaure, na wuce Abbas yana zaune ya dafe kai, na fita.

Sun fi yadda na zata yawa. Suna ganina aka yi tsit, don ba ni suke jira ba. Na buɗe baki ina neman ta inda za ni fara, sai na ga mutane suna darewa. Wata tsohuwa ce ke ratsowa, siririya, da baƙin zane da mayafin da ta yafa a karkace. Dada ce. Ita ba ta da ko sisi a cikin injin. Ta zo har gabana ta kama wuyan hannuna, yatsunta busassu kamar kara.

Ta ce, "Ɗiyata, sun ce shina da rai. Gaskiya ne?"

Na ce, "Gaskiya ne, Dada."

"Sun ce ba za shi dawo ba."

Na sunkuyar da kai.

Ta ƙara matse hannuna. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. "Ya ce min garin Isa za shi. Yaron nan bai taɓa yi mini ƙarya ba. Wa ya tura shi hanyar nan?"

Na juya na kalli zaure. Baba bai fito ba.